Ilmin tsirrai a gida da littafin yara a ƙasar Mayahi: taƙaitaccen tarihi

Garin Mayahi yana bakin Gulbin Kaba, wani tsohon kwari da ya ratsa jihar Maraɗi, wanda ya samo sunansa daga goruba. Yaron da ya tashi a ƙauyukan wannan kwari, tun bai kai shekarun shiga lakwal ba, ya san kaba, wato ganyen da ake saƙa tabarma da tufka igiya da shi. Ya san ƙwalshi, ɗanyen ɗan da ake fasawa a ci cikinsa. Ya san ƙodago, ƙwallon da ya riga ya ƙeƙashe. Itace guda ne, amma kowane sashe da sunansa da lokacinsa da aikinsa. Ba daga littafi ya koyi wannan ba, kuma har yau da wuya a sami littafin yara a gidansu. Dalilin wannan rashi yana da tarihi.

Tarbiyyar gida a wannan yanki tana da tsari, ko da yake ba a rubuce yake ba. Yarinya tana bin uwarta ko kakarta ɗibar tafasa da yaɗiya da gasaya, ta koyi wanda ake ci da wanda ake bari. Yaro yana kiwon awaki, ya gane cewa gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, shi ya sa hatsi ke yin kyau a ƙarƙashinsa. In ya tasa sai a yanka masa gamana a gefen gandu, a nan zai rarrabe jigawa da geza, ya san ɓarnar ƙuduji. Zuwan shamuwa shi ke gaya wa kowa ruwa ya kusa. Akwai kuma ilmin da ba a so ranar amfaninsa ta zo: ƴaƴan anza suna da ɗaci, sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Gidan da ya riƙe wannan sani ya ga amfaninsa a farin 1973 zuwa 1974 da yunwar 1984. Da dare kuwa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da kacici-kacici su ke maimaita sunayen dabbobi da tsuntsaye da halayensu.

Rubutu ma ba baƙo ba ne. Makarantar allo ta daɗe a ƙasar Tasawa da Mayahi, sau da yawa a zauren gida take, malamin kuwa uba ne ko kawu ko maƙwabci. Kayanta na dajin nan ne: allon itace, alƙalamin kara, tawadar da ake haɗawa da ƙaro. Sai dai aikinta karatun Alƙur'ani ne da littattafan addini irin su Ahalari da Ishmawi. Ba ta ɗauki sanin tsirrai a matsayin darasinta ba, ta bar wa gida, ba kuma wanda ya ga aibin haka.

Lakwal ɗin Faransawa ce ta zo da littafin da aka yi musamman domin yaro. Wanda ya fi shahara shi ne Mamadou et Bineta na André Davesne, wanda ya fito a farkon shekarun 1930, aka karanta shi a duk ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. A yi masa adalci: ya yi ƙoƙarin kawo ƙauye da gona da dabbobin Afirka cikin aji. Amma da Faransanci ya kawo su, ƙauyen nasa kuma na ko'ina ne, ba na wani wuri takamaimai ba. Yaron da ya yi Hausa a farfajiyar lakwal akan rataya masa alamar kunya da ake kira sambol, taron Brazzaville na 1944 kuma ya sake jaddada cewa da Faransanci kaɗai za a koyar. Ko littafin ya iso gida, uwa ba ta iya cewa an yi daidai ko an yi kuskure a cikinsa. Ita da ta fi kowa sanin darasin, ita aka fara cirewa daga cikinsa.

A wancan gefen iyaka, ƙasa da tafiyar yini a mota, abin ya bi wata hanya dabam. Hukumar talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta fitar da Ruwan Bagaja a 1934, sai Magana Jari Ce na Abubakar Imam daga 1937, wanda aka rubuta domin ƴan makaranta amma manya suka karɓe shi, ana karantawa a bayyane a zaure. Abin da ya fi dacewa da wannan nazari shi ne Ikon Allah, wanda East da Imam suka haɗu suka rubuta, suka bayyana halittun duniya, tsirrai da dabbobi da sararin sama, da Hausa tsantsa. A farkon shekarun 1970 kuma Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni cikin ƙananan littattafai shida. Ke nan hujjar cewa Hausa ba ta isa ɗaukar darasin halitta ba ta daɗe da faɗuwa. Waɗannan littattafai sukan ƙetaro cikin kayan fatake da almajirai, amma ba su shiga tsarin karatun Nijar na wancan lokaci ba.

Bayan samun mulkin kai, an kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a 1963, manya suka fara karatu da harshensu, aka buga musu jaridun karkara irin su Ganga da Sabon Ra'ayi. Taron UNESCO na Bamako a 1966 ya tsara baƙaƙe, Nijar ta ɗauki ninka wasali domin nuna tsawo, Nijeriya ba ta ɗauka ba. Ga masanin harshe ninkin yana da hujja. Ga manomin da ya gama ajin dare kuwa, ya ƙara nisa tsakaninsa da littattafan Zariya, har sai da taron Yamai na Janairun 1980 ya daidaita rubutun ƙasashen biyu. A ɓangaren yara, makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa ta buɗe a Damagaram a 1973, aka kafa cibiyar INDRAP a 1974 domin shirya kayan koyarwa, daga baya gwajin ya haɗa harsuna biyar.

A nan kuskuren tsari ya fito fili. Uba yana karatun Hausa da dare a hannun wata ma'aikata, ɗansa yana karatun Faransanci da safe a hannun wata, takardun uba na awo ne da taki da lissafin ƙungiyar manoma, na ɗan kuma mallakar lakwal ne, mushe ya kulle su a akwati in an tashi. Ba a yi tunanin littafi guda da su biyun za su buɗe tare ba. Makarantun gwaji, duk da kyakkyawan sakamakonsu, sun zauna cikin gwaji shekaru da dama ba su wuce ƴan gomomi ba.

Abin mamaki, a daidai waɗannan shekaru ne masu bincike suka fi rubuta ilmin gidan. Tun 1916 Dalziel ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa. Anne Luxereau ta yi nazarin dabbobi a tunanin Hausawan Nijar a 1972, Peyre de Fabrègues ya tattara sunayen tsirran ƙasar, Claude Raynaut da abokan aikinsa suka yi binciken noma a Sharkin Hausa, cikin ƙasar Mayahi. Aiki ne mai daraja, sai dai da Faransanci ko Ingilishi yake, yana ajiye a Yamai da Bordo da Paris. An karɓi sunayen daga bakin tsofaffi, ba a maido wa jikokinsu ko shafi ashirin masu zane ba.

Darajar wannan sani ta sake bayyana daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo da manoman jihar Maraɗi suka fara barin tohon kututture a gona, abin da aka sani da sassaben zamani. An ƙiyasta cewa itatuwa sun farfaɗo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Dabarar ba ta yiwuwa sai ga wanda ya iya bambanta tohon sabara da na kalgo da na aduwa tun suna ƙanana, wannan kuwa darasin kiwo ne da bin uba gona.

Doka ta daɗe da buɗe ƙofa. Ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a makaranta, an tabbatar da ƙa'idar rubutun Hausa a 1999, kundin 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa. Maɗaba'u irin su Gashingo a Yamai sun buga littattafan yara da harsunan gida. Abin da ya rage aikin masana harshe ne, kuma ba ƙarami ba ne. Hausar Kano ta ce gero, mutumin Gulbin Kaba ya ce hatsi.  Ta ce gayauna, shi ya ce gamana. Littafin karatu na ƙasa yana iya bin daidaitacciyar Hausa ba tare da asara ba. Littafin tsirrai da ake so yaro ya karanta wa kakarsa a tsakar gida kuwa, in ya kira itacen ƙofar gida da sunan da ba nata ba, za ta gyara shi sau ɗaya, sau biyu, a na uku ta koma ga saƙar tabarmarta. Saboda haka tattara sunaye ƙauye ƙauye, daga Kanambakashe zuwa Gidan Amumun, shi ya kamata ya riga zane da ɗab'i, a kuma bar fili a ƙasan kowane hoto inda gida zai rubuta nasa sunan.