Bege da Bishara: Kalmomin Jiran Kirsimeti a Dayi

Idan ya rage Lahadi huɗu a kai 25 ga Disamba, majami'un Katolika da na Angilika kan shiga lokacin jiran zuwan Almasihu. Sunan lokacin a Latin, adventus, tun asali isowar sarki cikin gari yake nufi, ranar da jama'a kan fito tarye. A Dayi da ƙauyukan Malumfashi da Kafur, inda Hausawa Kirista da yawa jikokin Maguzawa ne, makonnin nan kan faɗo cikin kaka: masara ta shiga rumbu, ana yankan dawa, ana cirar auduga, hunturu ya fara kaɗawa. Kalmar da ta fi yawo a wa'azi a wannan lokaci ita ce bege.

Me ya sa bege, alhali Hausa tana da fata da tsammani? Fata buri ne, yana iya cika, yana iya faɗuwa. Tsammani kuwa lissafi ne, har akan yi masa kallon lalaci, shi ya sa ake cewa tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka. Bege daban yake. Ba a begen wanda ba a sani ba. Ƙauna ce da kewa suka haɗu a kan wanda zuciya ta riga ta amince da shi. Musulmi ya san wannan sarai, domin waƙoƙin begen Annabi sun cika ƙasar Hausa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bayan doguwar wahalar Dokta Walter Miller da abokan aikinsa a ƙasar Zazzau, kuma bege ya zauna a bakin masu bi tare da bangaskiya da ƙauna. Fassarar da ta biyo baya ta fi karkata ga "sa zuciya", wadda ta fito da wani ɓangaren ma'anar: mutum ya ɗora zuciyarsa a kan alkawari, ya tsaya a kai.

Wannan bambanci ba na malamai kaɗai ba ne. A watan Mayun 2021 'yan bindiga suka afka wa majami'ar St. Vincent Ferrer da ke Malumfashi, suka kashe Fada Alphonsus Bello. Manoman yankin, Musulmi da Kirista, sun sha barin gonakinsu na nesa saboda tsoron masu garkuwa da mutane. Wanda ya ga irin wannan, "muna fata" ba ta isarsa. Abin da ke riƙe shi shi ne sunan da ake maimaitawa a makonnin nan, Immanuwel, wato da Ibrananci Allah yana tare da mu. A cikin lokacin jiran na 2023 ne kuma aka naɗa Gerald Mamman Musa bishop na farko na sabuwar Diyosis ɗin Katsina, makiyayin da ke magana da garkensa da harshen gida.

Ɗaya kalmar ita ce bishara. Ita da albishir tushensu ɗaya a Larabci. Kowane yaro a Dayi ya san cewa idan aka ce "albishirinka", amsar ita ce "goro", kuma mai albishir ba ya zama a gida da labarinsa, takawa yake yi har ƙofar wanda abin ya shafa. Haka Kirista ya kamata ya ɗauki begensa. Ya ɗebi tiya biyu ta dawa ya kai wa gwauruwar da ba ta yi noma ba bana. Ya je gaisuwar maƙwabcinsa Musulmi da aka sace wa ɗa, ya sa hannu a gudummawar da unguwa ke tarawa. Idan an yanka abin Kirsimeti, kwanon tuwo da nama ya ƙetare katanga kamar yadda na Sallah yake ƙetarowa. Da irin wannan aiki ne mutanen da masifa ta gajiyar za su gane abin da majami'a take nufi idan ta ce bege.