Wa ke faɗa wa ɗan sanda abin da zai tsare a unguwarmu?

Tunda aka fara maganar zama da Baturen 'yan sanda na yankinmu, muna ta jin wasu na cewa baƙo ba ya sa baki a harkar tsaron garin mutane. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi baya kaɗan.

Da yawanmu ba su san cewa da Hausawa aka fara aikin ɗan sanda a Kudu ba. Bayan Turawan Ingila sun karɓe Legas a 1861, John Glover ya tara wasu Hausawa a 1863, yawancinsu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu, ya ba su kaki da bindiga. Zuwa 1879 rundunar ta kai mutum 1,200, kuma da sunan Hausawa ake kiranta. Ba don ƙauna aka zaɓe su ba. Bature na son mutumin da ba shi da dangi a gari, wanda in an ce kama zai kama ba tare da jin nauyin kowa ba. Abin da suke tsarewa kuwa hanyoyin ciniki ne da dokar Bature. Babu wanda ya tambayi mutanen Legas abin da ke damunsu, su ma masu kakin ba a tambaye su ba.

Labarin Sabo a nan Ibadan daban ne. Kafin a kafa ta a 1916, Hausawa na zaune ne a warwatse a gidajen Yarabawa, kuma koke ya yi yawa cewa ɓarayi na fakewa a cikin baƙi. Sai aka ware unguwa, aka ɗora wa Sarkin Hausawa alhakin sanin wanda ya shigo da wanda ya fita. A nan ne kakanninmu suka tsara wa kansu abin da ya fi muhimmanci, wato amana. Mai shanu zai taso daga Arewa ya sauka wurin maigidansa, dillali ya sayar wa mahauta bashi, babu takarda sai baki. Haka fataucin goro. In ɓarawo ɗaya ya samu wurin kwana a Sabo, ko wani ya cinye kuɗin baƙo ya kwana lafiya, kasuwar kowa ce ta mutu. Don haka kowane baƙo yana da maigidan da zai amsa tambaya a kansa, rigima kuma a ƙofar Sarki ake kashe ta tun kafin ta kai caji ofis. Ba mu ce tsarin ba shi da aibi ba, domin talaka da ya samu saɓani da babban maigida ba kasafai yake samun gaskiya ba. Amma dai mutanen unguwa ne ke faɗin abin da za a sa wa ido.

A wancan zamani hukumomin gargajiya ma na da nasu jami'an, 'yan doka a Arewa, akoda a ƙasar Yarabawa. Siyasa ce ta lalata su. An yi amfani da 'yan doka wajen muzguna wa 'yan NEPU, a Yamma ma 'yan adawa sun ɗanɗana kuɗarsu. Bayan juyin mulkin 1966 soja suka yanke shawarar narkar da su cikin 'yan sandan tarayya, zuwa farkon shekarun 1970 an gama. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya nanata cewa rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasa. An rabu da wata cuta, amma umarni ya koma can sama, jami'in da aka turo yau kuma ana iya ɗauke shi kafin ya san lungunanmu.

Hukuma ta gane giɓin. A 1984 aka kafa kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wanda aka fi sani da PCRC, sannan dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma. A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da Amotekun a nan Ibadan. Duk waɗannan kujeru ne, kuma gaskiya sau da yawa tamu babu kowa a kai. Ba ma zuwa caji ofis sai an kama yaronmu mun je beli.

Mun ga abin da ya faru a Shasha a Fabrairun 2021. Sa-in-sa ce tsakanin ɗan dako da mai shago, irin wadda dattawa biyu za su iya kashewa kafin azahar, amma ta kai ga rasa rayuka da ƙona kasuwa, har gwamnati ta sa dokar hana fita. Shagamu a 1999 da Idi-Araba a 2002 ma daga ƙaramin abu suka faro.

Saboda haka abin da shugabanni za su kai wurin zaman shi ne abin da mu muka gani da idonmu: wa za a kira cikin minti goma in rigima ta tashi a kasuwa, masu sayar wa yaranmu ƙwaya da daddare, da kamen 'yan acaɓa barkatai da ke sa matasa gudun ɗan sanda ko da suna da labarin da zai taimaka. Duk mai ƙari ya same mu a ofis bayan sallar Juma'a, ko ya faɗa wa shugaban layinsa. Mata ma muna son jin nasu ta hannun shugabarsu, don su suka fi sanin wanda ke kwana a gidan haya ba tare da an san asalinsa ba.

Sakataren ƙungiya