Zango na Uku: Tsarin Jami'ar UDS na Tura Ɗalibai Ƙauyuka

Gwamnatin Jerry Rawlings ce ta kafa Jami'ar Nazarin Raya Ƙasa ta Tamale, wato UDS, a shekarar 1992, domin ilimin jami'a ya fuskanci matsalolin arewacin Ghana, yankin da aka daɗe da bari a baya. Ɗalibanta na farko sun soma karatun aikin gona a Nyankpala a 1993.

Jami'ar ta raba shekarar karatu gida uku: zango biyu a aji, na uku a ƙauye. Akan haɗa ɗalibai daga tsangayoyi daban-daban, su tare cikin al'umma na tsawon makonni, suna shan ruwan da mazauna ke sha. Da fari sukan tattara bayanan garin, kamar yawan jama'a, gonaki, rijiyoyi da makarantu. Shekara mai zuwa su koma, su zauna da mutanen a tantance matsalolin da suka fi ci musu tuwo a ƙwarya, sannan su rubuta shawarar magance su. Ana ba da maki a kan wannan aiki, kuma dole ne.

Raunin tsarin shi ne aiwatarwa. Ɗalibai shawara kawai suke bayarwa, kuɗin haƙa rijiyar kuwa yana hannun majalisun gundumomi da ƙungiyoyin agaji.