Wa Ke Kiwon Makiyayi?

Duk lokacin da aka yi wa fastonmu canjin wurin aiki, mukan yi gunaguni, mu ce wa ya ba mutanen Gunduma wannan iko? Amsar tana cikin tarihinmu.

A 1893 Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Legas da nufin kawo bishara ƙasar Sudan. Gowans da Kent sun rasu a 1894, amma aikin SIM ya ci gaba. A 1954 ikilisiyoyin da suka fito daga wannan aiki suka haɗu suka zama ECWA, a 1976 kuma mishan ta miƙa mata ragamar ayyukanta. Iyayenmu suka tsara shugabanci hawa-hawa: dattawan ikilisiya, sai LCC, sai Gunduma wato DCC, sai babbar majalisa da hedikwatarta ke Jos. Gunduma ce ke tura fasto, ita ce kuma ke sauraron ƙara idan ya saɓa da jama'arsa.

Tsarin yana da tushe a Littafi Mai Tsarki. Bulus ya bar Titus a Karita domin ya naɗa dattawa, kuma Ayyukan Manzanni sura 15 ta nuna yadda aka kai gardamar Antakiya Urushalima.

A nan Kekun Waje, da Gusau da Tsafe, mu 'yan kaɗan ne, rabuwa za ta raunana mu. In muna da kuka, mu kai wa dattawa, mu bar tsegumi a WhatsApp. Mu riƙa yi wa shugabanninmu addu'a. Ubangiji ya taimake mu. Amin.