Rana da Wata a Kan Maɓallai

Wanda ya ɗauki allon madannai na kwamfuta a Taiwan, ya duba maɓallin A, zai iya ganin alamomi har huɗu, kowace a kusurwarta. Cikinsu akwai 日, wato rana. Wannan cunkoso yana da dalili: Sinanci ba shi da abajada, dubban alamomi gare shi, yatsu kuwa goma ne.

Tafiretocin farko na Sin faranti ne mai ɗauke da alamomin ƙarfe kusan 2,500, mai bugu yana farautar su ɗaya bayan ɗaya. A 1947 marubuci Lin Yutang ya fito da MingKwai mai maɓallai 72. Ka danna biyu da suka dace da sama da ƙasan alamar da kake nema, sai alamomi takwas su bayyana a wata 'yar taga, ka zaɓi taka. Na'urar ba ta shiga kasuwa ba, ta kuma bar shi da bashi. Amma a ganina nan aka haifi komai, domin har gobe haka ake buga Sinanci: a danna, a duba, a zaɓa.

Chu Bong-Foo ya ɗora a Taiwan a 1976 da tsarin da aka raɗa wa Cangjie. Ya feɗe alamomi gunduwa-gunduwa, ya zuba tushe 24 a kan maɓallan boko: A rana, B wata, D itace, E ruwa, F wuta. Buga A da B, sai ga 明, ma'ana haske. A 1982 ya saki haƙƙin mallakarsa kyauta, tsarin ya samu gindin zama a Taiwan da Hong Kong. Kusa da tushen Cangjie a kan maɓallai aka buga alamomin Zhuyin 37 na furuci, waɗanda yawansu ya sa suka cinye har layin lambobi. Daga baya wani tsarin, Dayi, ya zo ya kama kusurwa ta huɗu.

A babban yankin Sin kuwa, Wang Yongmin ya fito da tsarin Wubi a 1983, maɓallai 25, bugu huɗu iyaka ga kowace alama. Gudu gare shi, sai dai haddarsa jan aiki ce. Pinyin, rubuta furuci da haruffan boko, wanda yara ke koya tun firamare, shi ya ci kasuwa, ba ya kuma buƙatar a zana komai a kan maɓalli.

Shi ya sa allon madannai a Beijing bai bambanta da na Amurka ba, na Taipei kuwa har yau rana tana kan A, wata yana kan B.