Hurumi da Burtali a Ƙasar Ikara

Duk wanda ya ratse daga Tashar Yari ya nufi Maƙarfi da rani, abin da idonsa zai fara cin karo da shi shi ne rake da tumatir, kore shar, har bakin rafi. Abin sha'awa ne ƙwarai. Amma ɗalibin tarihi zai tambaya: to, ta ina shanu ke sauka su sha ruwa?

Kakanninmu ba su bar wannan tambaya ba amsa ba. Kowane gari yana da huruminsa, watau filin da ba a nomawa, ba a sayarwa, ba a gādonsa. Nan ake kiwon awaki, a yi itace, a yanki ciyawar jinka. Tsakanin gonaki kuwa akwai burtali, wanda akan shinge da aduruku ko cediya, ya bi har mashaya. Bayan girbi Bafillace ya kwana da garkensa a gona, dabba ta ci kara, ƙasa ta sami taki. Shari'a ma ta san da wannan. Halifa Umar ya keɓe Rabaza don dabbobin sadaka, Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya yi bayanin hukuncin irin wannan fili a littafinsa Ta'alimur Radi.

Turawa suka zo da dokar ƙasa ta 1910, wadda ta mai da ƙasar Arewa duka ƙarƙashin ikon Gwamna. A takarda amana ce aka riƙe wa talakawa. A ƙauye kuwa, hakimi da dagaci ne ke rabo, ga kuma haraji da sai an noma auduga da gyaɗa ake biyansa. Saura ta fara ƙarewa, aka juya kan hurumi. Gwamnatin Jihar Arewa ta farga, ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, sai dai wuraren da aka tabbatar a gazet kaɗan ne.

A 1976 Ikara ta zama ƙaramar hukuma, da Maƙarfi da Kudan a cikinta kafin a yanke su. Shekara biyu bayan haka Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da filin karkara, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. A nan nake so ma'aikatan da ke zauren nan su saurara da kyau. Dokar ta san mai neman takarda, mutum ɗaya mai suna da sa hannu. Hurumi kuwa na kowa ne, saboda haka ba wanda ya je ofis ya nema masa takarda.

Sa'an nan injin ban ruwa ya shigo, shirin Fadama ya yaɗa shi a shekarun 1990. Manomi ya sami abin yi da rani, ba kuwa mai zarginsa. Amma fadamar nan ita ce makiyaya ta ƙarshe idan tudu ya bushe. Burtalin da dā garke ke wucewa a sake, yau a wurare da yawa saniya biyu ba sa jerawa, ƙarar ɓarna kuma tana jiran dagaci tun kafin a cire amfani.