Daga azara zuwa kwano: tarihin ƙarin ɗaki a Birnin Kudu da Gwaram

A Birnin Kudu da Gwaram, ba a gama gida rana ɗaya. Ɗa ya isa aure, sai a yanka masa ɗaki a gefen tsakar gida.

A da, azara ce ke yanke faɗin ɗakin. Itacen giginya ba ya jure nauyin rufin ƙasa idan tazara ta wuce kamar mita 2, sai an haɗa da dabara irin ta bakan gizo. Magini kuma sai ya san inda indararo zai zubar da ruwa kafin ya aza tubalin farko.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kwano da siminti suka yi ta shigowa, sannu a hankali har ƙauyuka. Matsalar faɗi ta kau, wata ta ɓullo: sabon ɗakin bulo yakan juye ruwan kwanonsa a gindin tsohon bangon ƙasa. Gindin ya jiƙe ya yi laushi, damina na yin nisa bango ya zube, wani lokacin a kan masu barci.

Don haka kafin ka haƙa harsashi, ka fara tambaya: ruwan nan ina za shi?